Wane ne "lejan", kuma wa yake naɗa shi?

A gidajen kallon ƙwallo da majalisun matasa, da wuya a yi musun minti goma kan wata ƙungiya ba a jefo kalmar "lejan" ba. "Wane ai lejan ne." "Haba malam, lejan ɗin me? Me ya ci?" Kalmar aro ce daga Turanci, kuma a bakin masu ƙwallo tana nufin ɗan wasan da magoya baya suka ɗauka ya zama ɓangare na tarihin ƙungiyarsu, wanda ko ya shekara talatin da rataye takalmi sunansa bai bar bakinsu ba. Daban take da tauraro, don tauraro na yau ne, gobe ana iya sayar da shi a sayo wani. Daban take da gwarzon shekara, don wannan kyauta ce da ake kaɗa wa ƙuri'a a miƙa wa mutum a bainar jama'a. Ita kuwa babu hukumar da ke ba da ita, babu takardar shaida, shi ya sa musunta ba ya ƙarewa.

Arsenal ta Landan za ta yi mana misali, saboda tarihinta a rubuce yake kuma magoya bayanta sun iya gardama.

Mai son lissafi zai fara da alƙaluma. Thierry Henry ya ci wa ƙungiyar ƙwallo 228, ya zarce Ian Wright mai 185. David O'Leary, mai tsaron baya ɗan Ireland, ya buga mata wasa 722 daga 1975 zuwa 1993, har yau ba wanda ya kamo shi. Da yawan wasa ne ma'auni, da O'Leary ne kan gaba. Amma da ƙungiyar ta nemi magoya baya su zaɓi manyan 'yan wasanta hamsin a 2008, Henry ne ya zo na ɗaya, Dennis Bergkamp na biyu, Tony Adams na uku. Da aka zo kafa mutum-mutumi a gaban filin Emirates a 2011, na Henry da Adams da tsohon koci Herbert Chapman aka kafa, na Bergkamp ya biyo baya a 2014. O'Leary bai samu ba.

To ko ƙwarewa ce? Robin van Persie ya amsa wannan. Ya shekara takwas a Arsenal, ya ci ƙwallo 132, a kakar 2011/12 kaɗai ya zura 30 a Firimiya. A watan Agustan 2012 ya tattara ya koma Manchester United, ya ɗaga kofi da ita a shekarar farko. Je ka ce wa ɗan Arsenal Van Persie lejan ne ka ji amsa. Ba iyawarsa suke musantawa ba, ƙofar da ya fita ta ita ce ta ɓata lissafin. Sol Campbell kuma nasa labarin a juye yake: kyaftin ne a Tottenham, ya tsallaka Arsenal a kyauta a 2001, yana cikin waɗanda suka gama kakar 2003/04 ba a doke su ba. A Arsenal ana girmama shi, a Tottenham kuwa, 'yan mil kaɗan tsakaninsu, maci amana ake kiransa.

Sai dai ko sauya sheƙar ba kullum take kashe suna ba. Michael Thomas ya koma Liverpool a 1991, amma ba a taɓa cire shi daga tarihin Arsenal ba, saboda ƙwallo ɗaya. Ran 26 ga Mayu, 1989, wasan ƙarshe na kaka, Arsenal na buƙatar cin Liverpool da tazarar biyu a Anfield kafin ta ɗauki kofi, shi ya jefa ta biyun ana dab da tashi. David Rocastle kuwa ba shi da alƙaluman Henry, an ma sayar da shi ga Leeds a 1992, ya rasu a 2001 yana da shekara 33, kuma har yau ana rera sunansa a filin wasa. Adams an ɗaure shi a gidan yari a 1990 kan tuƙi cikin maye, daga baya ya fito fili ya ce giya ta fi ƙarfinsa, ya gyara rayuwarsa, ya gama shekara goma sha tara bai taɓa sa rigar wata ƙungiya ba, ya ɗaga kofin lig sau huɗu yana kyaftin. Magoya baya ba su yi masa kallon mutum mara aibi ba. A gabansu ya faɗi, a gabansu ya tashi.

A ganina nan ne ma'anar take. Lejan suna ne da shaidu ke bayarwa, mutanen da suka ga abin da idonsu, suka ji shi a jikinsu, suka ba 'ya'yansu labari. Gani ya kori ji. In kuwa haka ne, dole a tambayi su wa suka gani, kuma su nawa ne. Nan maganar raguwar 'yan kallo take shigowa, wadda masu musu kan ɗauka kamar wani zance ne daban.

A kakar 1948/49 mutum sama da miliyan 41 ne suka shiga filayen gasar lig ta Ingila. Zuwa 1985/86 adadin ya faɗo kusan miliyan 16 da rabi. Dalilan a bayyane suke: faɗan 'yan tauri a ciki da wajen fili, filaye tsofaffi da suka lalace, rashin aikin yi a garuruwan masana'antu. A watan Mayun 1985 kaɗai gobara ta kashe mutum 56 a filin Bradford, sannan mutum 39 suka mutu a filin Heysel na Beljiyam a wani wasan Liverpool, abin da ya jawo aka haramta wa ƙungiyoyin Ingila wasannin Turai na shekara biyar. Ƙari a kan haka, rabin farko na kakar 1985/86 ba a nuna lig ɗin a talabijin ba, saboda an kasa daidaitawa kan kuɗi. Highbury, tsohon filin Arsenal da ya taɓa ɗaukar mutum 73,295 a 1935, a wannan kakar matsakaicin masu zuwa bai kai dubu 25 ba.

A irin waɗannan shekaru O'Leary ya yi ganiyarsa. Shaidunsa kaɗan ne tun farko, yanzu kuma sun tsufa. Henry ya zo a 1999, lokacin da Highbury ta koma ta kujeru zalla mai ɗaukar mutum dubu 38 da 'yan kai, tana cika maƙil kowane mako, tauraron ɗan'adam kuma yana kai wasan har lungunan Afirka. Ba ina cewa O'Leary ya kai Henry ba ne, bai kai ba. Amma ratar da ke tsakaninsu a bakin mutane ta fi wadda ke tsakaninsu a fili, kuma yawan ido ne ya faɗaɗa ta. Haka Nwankwo Kanu. Ƙwallo 44 ya ci wa Arsenal, adadin da ba zai tayar wa kowa hankali ba, amma uku daga ciki ya zura su a minti goma sha biyar na ƙarshe a Stamford Bridge a watan Oktoban 1999, Chelsea na gaba da biyu da nema, aka tashi uku da biyu. Yawancin 'yan Arsenal na Najeriya masu shekara arba'in zuwa sama, in ka bi salsala, a kan Kanu suka shigo.

Akwai wata irin raguwar kuma, wadda alƙaluman hukuma ke ɓoyewa. Ran 1 ga Maris, 2018, Manchester City ta je Emirates ta ci Arsenal uku da nema, kwana huɗu bayan ta yi mata irin wannan cin a wasan ƙarshe na kofin lig. Ana tsananin sanyi da dusar ƙanƙara, duk mai kallo a talabijin ya ga jajayen kujeru fayau ba kowa. Amma aka sanar da 'yan kallo sama da dubu 58. Ba ƙarya aka yi ba, hanyar ƙidayar ce haka: yawancin ƙungiyoyin Ingila tikitin da aka sayar suke ƙirgawa, ba mutanen da suka shigo ta ƙofa ba. Mai tikitin kaka guda ya riga ya biya tun farkon shekara, ko yana gida a kwance an lissafa shi. A wannan shekarar BBC ta nemi alƙaluman 'yan sanda da na ƙananan hukumomi, ta gano cewa a West Ham, alal misali, bambancin ya haura mutum dubu 12 a kowane wasa.

Waɗancan kujerun magana suke yi, kuma da Arsène Wenger suke. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana jan ragamar ƙungiyar, ya ci lig uku da kofin FA bakwai, ya yi kakar da ba a doke shi ba. Shekaru ana ɗaga masa kwalaye ana cewa ya tafi bai motsa ba, amma da mutanen da suka biya kusan fam dubu kuɗin tikiti suka gwammace zaman gida, ran 20 ga Afrilu ya sanar zai sauka. A 2023 aka kafa masa nasa mutum-mutumin. Da yawa daga waɗanda suka ƙaurace masa su ne suka je suna ɗaukar hoto da shi, kuma ban ga saɓani a nan ba. Lejan hukunci ne kan abin da ya wuce, tikiti kuwa ana sayensa ne don wasan Asabar mai zuwa.

Za ka lura kuma cewa musun "wa ya fi kowa a tarihinmu" ya fi zafi a shekarun da ƙungiya ba ta taɓuka komai. Mai cin kofi ba shi da lokacin tone-tone. Abin da ya fi damuna shi ne inda hukuncin ke komawa in fili ya yi fayau: hannun masu guntayen bidiyo da teburin alƙaluma a waya. Bidiyon minti biyu na mai cin ƙwallo ne da mai yanka. Ba ya nuna mai tsaron bayan da ya hana ɗan gaba sakat na minti casa'in har aka manta yana cikin fili, ba ya nuna kyaftin da ke daka wa yara tsawa a lokacin da aka fara karaya. Wannan sai wanda ya zauna a fili.

A gida ma ana wannan musun, kuma Kano Pillars ce ta fi dacewa da shi, don tana cikin 'yan ƙungiyoyin da jama'a ba su daina cika wa fili ba, alhali a garuruwa da dama gidan kallon Firimiya ya fi filin wasan garin cika. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/10, ya tafi Turai, ya ci ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya, ya zama kyaftin ɗin Super Eagles, ya kuma dawo gida ya sake sa rigar. A suna ba mai haɗa shi da kowa. Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, shi kuma ya zauna. Yana cikin waɗanda suka ci lig sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, da kofin Aiteo na 2019, yana cikin 'yan wasan da suka riƙe tarihin nan na rashin shan kashi a gida tun daga 2003, har sai da Nasarawa United ta karya shi a 2015. Ya kuma ga baƙin kwanaki: lokacin da aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu korona aka koma buga wasan gida a Kaduna, da lokacin da hukunci ya kai ƙungiyar Abuja, da faɗuwa daga babbar gasa a 2022, da dawowa a shekarar da ta biyo.

In ka tambayi ɗan Legas ko ɗan Yamai wane ne babban ɗan wasan da Pillars ta fitar, Musa zai ce maka, kuma ya yi gaskiya. In tambayar lejan ɗin Masu Gida ce, wato Pillars, ni Rabi'u Ali zan ba, kuma masu bin layin tikiti a Ƙofar Mata, inda filin Pillars yake, su ya kamata a fara tambaya kafin masu waya.