Little Buddha (fim na 1993)

Little Buddha, wato Ƙaramin Buddha, fim ne da darakta ɗan ƙasar Italiya Bernardo Bertolucci (1941–2018) ya ba da umarni, aka fara haska shi a 1993. Mark Peploe da Rudy Wurlitzer ne suka rubuta shi, Jeremy Thomas ɗan Ingila ya shirya. Labari biyu aka saƙa a cikinsa. Na farko na wasu malaman addinin Buddha 'yan Tibet ne da suka je birnin Seattle na Amurka neman yaron da suke kyautata zaton marigayi malaminsu ne ya sake dawowa duniya. Na biyu kuma tarihin Yarima Siddhartha ne, wanda daga baya aka san shi da Buddha. Ana lissafa fim ɗin a matsayin na uku cikin finafinan da Bertolucci ya yi a wajen Turai, bayan The Last Emperor na 1987, wanda ya ci kyautar Oscar tara, da The Sheltering Sky na 1990, wanda aka ɗauka a Maroko da Aljeriya da Nijar.

Labarin fim ɗin

Lama Norbu dattijon malami ne a wani gidan ibada a ƙasar Bhutan. Saƙo ya iske shi cewa an ga alamun malaminsa Lama Dorje a Seattle, a jikin wani yaro mai suna Jesse Conrad, ɗan wani mai zanen gine-gine, Dean, da matarsa Lisa, malamar lissafi. Norbu ya je gidansu, ya ba yaron littafin hotuna mai ɗauke da tarihin Siddhartha, kuma ta wannan littafin ne fim ɗin yake komawa zamanin da.

Uban yaron bai yarda da maganar ba. A wata fitowa da masu kallo suka fi tunawa, Norbu ya ɗauki kofin shayi ya fasa shi a gaban Dean. Kofin ya tashi daga aiki, shayin ya malale kan tebur ya ɗiga ƙasa, aka sa tsumma aka goge shi, amma duk inda ya shiga shayi ne. Haka ya kwatanta masa jiki da kofin, hankali kuma da shayin. Dean bai sauya ra'ayi nan take ba, sai da abokin aikinsa ya karye a kasuwanci ya kuma mutu, sannan ya yarda ya raka ɗansa zuwa Bhutan. A hanya aka haɗu da wasu yara biyu da su ma ake zaton Lama Dorje ne ya dawo a jikinsu: Raju, yaron titi daga Kathmandu, da Gita, 'yar masu hali. A ƙarshe Norbu ya yanke cewa dukkansu ukun Lama Dorje ne, Raju jikinsa, Gita maganarsa, Jesse hankalinsa. Bayan haka ya zauna zaman tunani ya rasu a zaune, aka ƙona gawarsa aka raba wa yaran tokar.

Tarihin Siddhartha da ke bayan labarin

Rabin fim ɗin da ya fi nauyi shi ne na yariman, kuma galibi ya bi abin da littattafan addinin suka ruwaito. An haifi Siddhartha Gautama a Lumbini, wadda yau take kudancin Nepal, ɗan Sarki Suddhodana na ƙabilar Shakya da Sarauniya Maya. Ba a daidaita kan shekarunsa ba. Tsofaffin littattafan tarihi kan ce daga kusan 563 zuwa 483 kafin haihuwar Annabi Isa, yawancin masana na baya-bayan nan kuwa suna kai rasuwarsa zuwa wajen shekara ta 400.

Ruwayar ta ce wani mai zuhudu, Asita, ya ga jaririn ya yi hasashen makomarsa. Sarkin, da yake so ɗansa ya gaje shi, sai ya killace shi a fadar Kapilavastu, ya hana a bari ya ga tsoho ko majinyaci ko gawa. Aka yi masa aure da Yasodhara, suka haifi Rahula. Ranar da ya fita gari tare da Channa, mai tuƙa masa keken doki, ya ga abin da aka ɓoye masa. A fim ɗin an nuna yadda aka share titi aka kawar da marasa galihu kafin fitowarsa, amma idonsa ya faɗa kan wasu tsofaffi biyu da suka ɓullo daga cikin taro, ya bi su har lungun talakawa, ya ƙare a bakin kogi inda ake ƙona gawa. Ya bar fada yana ɗan shekara 29 bisa ruwaya, ya shafe shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa. Fim ɗin ya sa juyawar tunaninsa a bakin wani makaɗi da ke wucewa cikin kwalekwale yana gaya wa almajirinsa cewa tsirkiya in ta yi tauri da yawa tsinkewa take, in ta yi sako-sako kuma ba ta kiɗi. Daga nan ya ci shinkafar da wata 'yar ƙauye ta ba shi, ya kama abin da ake kira tafarkin tsakiya. A gindin itacen Bodhi, a wurin da yanzu ake kira Bodh Gaya a jihar Bihar ta Indiya, Mara, shaiɗanin da ke ruɗin mutane, ya zo masa da 'ya'yansa mata da rundunarsa, shi kuma ya taɓa ƙasa da hannu don ta zama shaidarsa. A nan fim ɗin ya tsaya da tarihinsa. Shekara 45 da ya yi yana koyarwa ba su shigo ba.

Al'adar tulku

Neman malamin da ya sake haihuwa ba al'adar dukkan mabiya Buddha ba ce, ta 'yan Tibet ce da maƙwabtansu. Wanda aka gano ana ce masa tulku. Galibi ana danganta farkon tsarin da jerin malaman da ake kira Karmapa a ƙarni na 13, kuma ta wannan hanya aka gano Dalai Lama na 14, babban jagoran addinin 'yan Tibet, wanda aka haifa a 1935, tun yana ɗan shekara biyu. Masu nema kan dogara da mafarki, da wasiyyar mamacin, da duba, sannan a jera wa yaro kayayyaki a ga ko zai zaɓi na marigayin. Addinin bai yarda da wani rai dawwamamme da ke ƙaura daga jiki zuwa jiki ba. Abin da suke cewa yana ci gaba shi ne gudanar hankali da sakamakon ayyuka.

Rabuwar malami ɗaya zuwa yara da yawa, wadda wasu masu kallo suka ɗauka dabarar marubuta ce don kada a ɓata wa kowa rai, tana da asali. Bayan rasuwar Jamyang Khyentse Wangpo a 1892 an gano mutane da dama a matsayin bayyanar jikinsa da maganarsa da hankalinsa da halayensa da ayyukansa. Dzongsar Jamyang Khyentse, ɗan Bhutan da ya ba Bertolucci shawara a wajen ɗaukar fim ɗin, daga wannan jerin tulku yake.

Shi ma batun yaro Bature ba ƙage ba ne tsantsa. Bayan Dalai Lama ya gudu daga Tibet, wadda China ke iko da ita, zuwa Indiya a 1959 malamai da yawa sun bazu a duniya, wasu manyan ɗarikar Sakya, ɗaya daga cikin ɗarikun addinin Buddha na Tibet, suka sauka Seattle a 1960 bisa gayyatar Jami'ar Washington. A 1986 kuma aka ayyana Ösel Hita Torres, yaron da aka haifa a Sifaniya a 1985, a matsayin Lama Thubten Yeshe, wanda ya rasu a 1984.

Taurari da ɗauka

Keanu Reeves ne ya fito a Siddhartha, Chris Isaak a Dean, Bridget Fonda a Lisa, Alex Wiesendanger a Jesse. Lama Norbu kuwa Ying Ruocheng ne, ɗan wasan China da ya riƙe muƙamin mataimakin ministan al'adu daga 1986 zuwa 1990, abin da ba ƙaramin abin mamaki ba ne idan aka duba tsamin dangantakar Beijing da malaman Tibet. Wasu malaman addinin na gaske sun fito a ƙananan matsayi, cikinsu har da Sogyal Rinpoche da Khyongla Rato Rinpoche.

An ɗauki fitowar fada a tsohon birnin Bhaktapur na Nepal, wasu a hasumiyar Boudhanath ta Kathmandu, na gidan ibada kuma a ganuwar Rinpung Dzong da ke Paro a Bhutan. Mai ɗaukar hoto Vittorio Storaro ya raba duniyoyin biyu da launi: Seattle shuɗi-shuɗi mai sanyi, zamanin Siddhartha ja da ruwan zinare, kuma ya ɗauki wannan ɓangaren da fim mai faɗin milimita 65. Ryuichi Sakamoto ya yi kiɗa.

Fitowa da karɓuwa

An yi bikin haska shi a Paris a ƙarshen 1993, Dalai Lama ya halarta. A Faransa ya sayar da tikiti fiye da miliyan ɗaya. A Amurka, inda kamfanin Miramax ya fitar da shi a watan Mayun 1994 bayan an rage tsawonsa daga kusan minti 140 zuwa 123, abin da ya samu bai kai dala miliyan biyar ba.

Masu sharhi sun rabu. An yaba hoto da kiɗa. An soki ɓangaren Seattle da rashin zurfi, musamman yadda iyayen suka saki ɗansu cikin sauƙi. An kuma yi ta muhawara kan ba Reeves matsayin yariman Indiya.

Bayansa

A 1997 wasu finafinai biyu kan Tibet, Seven Years in Tibet da Kundun, suka biyo baya. Dzongsar Khyentse, wanda ya ga yadda ake aikin fim a wajen Bertolucci, ya ba da umarnin nasa fim ɗin, The Cup, a 1999, kan wasu matasan almajiran gidan ibada da suka ƙwallafa rai sai sun kalli gasar cin kofin duniya ta 1998 a talabijin.