Kitse: na kan tsire daban, na kan tumbi daban

Kalmar kitse ta shiga uku a Kano kwanan nan. Ka kunna rediyo bayan isha'i, mai magani yana rantsuwa cewa garin maganinsa na "narkar da kitse" cikin kwana bakwai. Rannan a Adaidaita Sahu na ji wani matashi yana gaya wa abokinsa cewa ƙiba zai fara tarawa tukuna, in ya soma ɗaga ƙarfe sai kitsen ya "koma tsoka". Ban tanka ba, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Kitse ba ya komawa tsoka, kamar yadda tsoka ba ta komawa kitse. Kowanne da irin halittarsa. Tsoka da furotin da motsa jiki ake gina ta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka tattara duk wani abu mai maiƙo aka jefa shi a buhu guda. Bahaushe bai yi wannan kasalar ba. Ya ware mai, ya ware kitse, har ma yana da kalmar da ta fi ta likitoci daɗi: barci. Da sanyin safiyar hunturu, je ki ɗauko kwalbar man shanu, ya yi barci, sai kin sa cokali. Manja a galan sai an kai shi bakin murhu kafin ya farka. Tsiren da ya huce, dubi yadda kitsensa ke fari fat a jikin takarda, in ka ci ya manne maka a baki. Man riɗi kuwa, da man gyaɗa na gaskiya irin wanda mata ke matsewa wajen yin ƙuliƙuli, sun fi taurin ido, sai sanyi ya yi tsanani kafin su yi kauri. Wannan saurin barcin alama ce ta nau'in man da likitoci ke kira "saturated fat", wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin (wato kuzarin abinci) da mutum ke ci a rana. Kusan rabin manja irinsa ne, man shanu ya fi rabi.

Wajen kalori duk ɗaya ne, giram guda kalori 9, ko mai barci ko mai gudu, alhali na sitaci, irin wanda ke cikin tuwo, da na furotin 4 ne. Bambancin yana wajen inda jiki ke kai shi.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun wallafa wani gwaji. Matasa 39 masu lafiya aka riƙa ɗura wa ƙananan kek na tsawon mako 7 don su ƙara nauyi. Rabi an yi musu nasu da tataccen manja, rabi da man sanfulawa, wanda ba ya saurin barci. Sikeli ya nuna duka ɓangarorin sun ƙara kusan kilo 1.6. Da aka ɗauki hoton cikin jikinsu sai labari ya canja. 'Yan manja sun tara kitse a hanta, kuma na cikin ciki, wanda ke zagaye hanji, ya ƙaru kusan ninki biyu na 'yan uwansu. 'Yan sanfulawa kuwa ƙaruwar da suka samu ta ɓangaren jiki marar kitse, inda tsoka take, ta kai kusan ninki uku. Mutum 39 ba Kano ba ne, kuma ba wanda ya ce shan mai da kofi zai fito maka da damtse. Amma mai hawa sikeli kullum yana murna ko kuka, ya san cewa zai iya yi wa rogo kallon kitse.

Shi ya sa nake tausayin masu jin tallan nan su ƙaurace wa gyaɗa da kifi titus, wanda mansa ke ɗauke da omega-3, wani nau'in mai da jiki ke buƙata, su koma shan lemon kwalba da burodi da sunan gudun maiƙo. Jiki ya iya mayar da rarar sukari da sitaci kitse ba tare da ɗigon mai ya shiga baki ba. Kuma bitamin A, D, E da K sai da mai hanji ke tsotsarsu da kyau.

Garin da ya taɓa tara dalar gyaɗa, yau ko man gyaɗar ma suna ne ya rage a shaguna da yawa. Yawancin farin man jarka da ake aunawa a kwalba daga kwakwar manja aka tace shi, aka cire masa jan launi da ƙamshi. Ka ce wa mai shago ya ba ka man gyaɗa, ya ba ka, babu gardama. Ajiye kwalbar a kicin zuwa watan Janairu, da asuba ka je ka girgiza ta.