Sayen gida a Cobham kusa da Landan: tambayoyin da ake yawan yi

Wai ina ne ma Cobham ɗin nan, kuma me ya sa ake kiransa ƙauye alhali masu kuɗi ne a ciki?

Yana yankin Surrey ne, kudu maso yammacin Landan, ƙarƙashin ƙaramar hukumar Elmbridge. Duk ɗan Chelsea ya san sunan, don filin atisayen kulob ɗin yana nan gefensa a Stoke d'Abernon, shi ya sa 'yan ƙwallo da yawa suka tare a wajen da kuma Oxshott da ke maƙwabtaka. Ƙauye a bakin Turawan Ingila ba irin namu ba ne na bukka da rijiya, wuri ne mai titin kasuwa guda ɗaya da coci da shagunan shayi, sai gidaje manya manya da suka ɓuya bayan bishiyoyi, mutum ya kwana cikin shiru da safe ya hau jirgin ƙasa kamar minti 40 ya sauka tashar Waterloo da ke tsakiyar Landan ya tafi ofis.

To me ke riƙe farashin gidajen?

Jirgin nan ne na farko. Gidan da za ka taka da ƙafa zuwa tasha ba ɗaya yake da wanda sai ka tuƙa mota ka nemi wajen fakin ba, ko da ginin iri ɗaya ne. Ga hanyar A3 da M25 kusa, filayen jirgin sama na Heathrow da Gatwick ba nisa. Sai makarantu, akwai ACS ta ƙasa da ƙasa a Cobham ɗin, wadda ke jawo iyalan ma'aikatan manyan kamfanoni daga waje, kuma su ne masu kama haya da tsada. Amma abin da na fi ba muhimmanci shi ne dokar Green Belt, wato filayen da ke zagaye da Landan da aka taƙaita yin gini a kansu. Kaga fili ga shi nan fetal kana kallo amma ba ka isa ka aza bulo ba, to gidajen ba sa ƙaruwa da sauri, masu so kuma kullum suna nan.

Baƙo zai iya saye? Kuma zai samu biza?

Zai iya saye, babu dokar da ta hana. Biza kam a'a, ko gida goma ka saya ba ya ba ka izinin zama, kuma bizar masu zuba jari ma an rufe ta tun Fabrairun 2022.

Nawa zan tanada bayan kuɗin gidan?

Nan ne mutane ke shan mamaki wallahi. Gidan iyali mai ɗaki huɗu a wajen nan ya wuce fam miliyan ɗaya ba wuya, to mu ɗauki miliyan ɗaya cif mu yi lissafi. Harajin sayen gida na yau da kullum a ƙa'idar da ta fara aiki Afrilun 2025 zai kama fam 43,750. In kana da wani gida, sai a ƙara kashi 5 cikin 100 na duka kuɗin, fam 50,000 kenan, da can kashi 3 ne aka ɗaga shi ƙarshen Oktoban 2024, kuma fa ba sai gidan yana Ingila ba, gidanka na Abuja ko Kano ma ana lissafa shi muddin darajarsa ta kai fam 40,000. In kuma ba mazaunin ƙasar ba ne kai, ƙarin kashi 2, fam 20,000. Jimla fam 113,750 tun ba ka karɓi makulli ba, ban da kuɗin lauya da na mai duba lafiyar gini.

Hayar za ta fitar da ni?

Gaskiya ba wajen neman ribar haya ba ne. A ce ka samu ɗan haya yana biyan fam 3,500 a wata, shekara 42,000, wato kashi 4 da ɗan wani abu, kafin ejan ya cire nasa, kafin inshora, kafin tukunyar ɗumama gida ta lalace tsakiyar hunturu ɗan haya ya kira ka ƙarfe biyun dare. Kuma in kana zaune waje ejan zai riƙa cire harajin kashi 20 daga hayar yana miƙa wa hukumar haraji ta Birtaniya, HMRC, sai dai in ka nemi izinin karɓar kuɗinka cikakke ka biya da kanka daga baya. Wanda ke son haya ta riƙa ciyar da shi gara ya duba ƙananan gidaje a arewacin Ingila, inda gida ke da araha. Cobham wajen ajiye dukiya ne na shekara goma ko fiye, irin na wanda ba ya buƙatar kuɗin gobe ko jibi.

Ni ba na son bashin ruwa, akwai mafita?

Akwai. Bankin Gatehouse na yin tsarin musharaka, ku sayi gidan tare, kana biyan haya kan kason banki kana saye a hankali har ya zama naka. Sai dai kar ka ɗauka araha ne, hayar tasu ma tana bin yanayin kasuwa, kuma kowa ya ga yadda babban bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023.

Za su tambaye ni inda na samo kuɗin?

Sosai ma, dole ce a kan lauya da ejan. Takardun banki, shaidar kasuwanci, in gado ne takardar rabon gado, in kyauta ce wanda ya ba ka ma sai an bincika shi. Mai riƙe da muƙamin siyasa ko ɗan gidansu binciken ya fi tsanani. Sayen da sunan kamfanin waje ma bai ɓoye komai yanzu, tun 2022 sai an yi rajistar ainihin mai shi.

Mun daidaita farashi da mai gida, shikenan ya zama nawa?

Ina! A Ingila ba "na sallama" kamar kasuwar Kwari. Kafin lauyoyin biyu su yi musayar kwantiragi kowa na iya fasawa, wani ya zo ya ɗora fam dubu ashirin mai gida ya juya maka baya, kuɗin lauya da na duba gini da ka kashe sun tafi. Sannan ka tambaya tun farko ko mallakar har ƙasa ce ko ta wa'adin shekaru, yawancin fulat na wa'adi ne, kuma in wa'adin ya sauko ƙasa da shekara 80 sayarwa na wahala.

In na tashi sayarwa fa?

Akwai harajin riba, kashi 18 ko 24 gwargwadon samunka, baƙi ma suna biya tun Afrilun 2015, kuma kwana 60 kawai gare ka bayan an kammala ciniki ka kai rahoto. Manyan gidaje kuma ba sa tafiya da wuri in kasuwa ta yi sanyi, don masu iya saye ba su da yawa, allon ejan zai iya shan wata da watanni a ƙofar gida kana biyan mai yankan ciyawa.