Auna himogulobin da haske

Auna himogulobin da haske hanya ce ta ƙiyasta ƙarfin jinin mutum ba tare da an tsira masa allura ba. Himogulobin shi ne sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗaukar iskar oksijin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙasa da giram 13 na himogulobin a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini ga namiji baligi, da ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki, a matsayin ƙarancin jini.

Tushen dabarar ita ce na'urar auna oksijin ta yatsa, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano hikimarta a farkon shekarun 1970. Ana maƙala ta a yatsa, ta hasko jan haske mai nanomita 660 (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske, wanda ke bambanta launukansa) da wani na 940 da ido ba ya gani, sannan wani ɗan sashe a ɗaya gefen ya karanta abin da ya ratsa. Duk bugun zuciya jini yakan ƙaru a yatsa, hasken da ke wucewa ya ragu. Wannan hawa da saukar kaɗai na'urar ke lissafawa, ta watsar da rabon fata da ƙashi.

Haske biyu dai kason oksijin kawai suke nunawa. Sanin yawan himogulobin kansa sai an ƙara launuka. Na'urar kamfanin Masimo, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2008, tana aiki da launukan haske bakwai ko fiye.

Matsalar tana wajen daidaito. Kuskuren giram 1 sama ko ƙasa abu ne da aka saba, kuma yakan ƙaru idan jinin ya yi ƙasa sosai, wato daidai lokacin da aka fi bukatar gaskiya. Yatsa mai sanyi, kamar a hunturu, ko na wanda ya zubar da jini da yawa, ba ya ba da bugu mai ƙarfi. Motsi, hasken rana kai tsaye, jan farce da baƙin lalle duk suna ɓata karatu, don haka a ɗumama hannu, a zaɓi yatsa mai tsabta, a rufe na'urar, a jira lamba ta tsaya. Ga masu sikila kuwa, a yi hattara da lambarta.

Amfaninta shi ne tantance masu ba da jini da bibiyar jini lokacin tiyata. Kafin a yanke shawarar ƙarin jini, wajibi ne a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji.