Tambayoyin da kunka ishe ni da su kan sassaƙa

Ni masassaƙi ne nan Tawa, kuma tambayoyin ga su ne dai kullum, a rumfa, a waya, a Facebook. To ga amsa sau guda, wanda ya sake tambaya nan za ni turo shi.

Kai kahinta ne?

A'a. Kahinta katako shike saye wanda anka riga anka tsaga, ya ja zarto ya buga kusa. Ni gungume nike kamawa da gatari da gizago in hiddo turmi, taɓarya, akushi, allo, muciya, kujerar mata. Mai son armuwar ya tahi wajensu.

Wane icce ne mai kyau?

Turmi kirya. Allo aduwa. Ƙota marke. An gama.

Ina kake samo zanen da kake yi?

Kamar wani asiri ne! Ku buɗe ido mana. Zanen ƙwarya da kakanninku mata sunka jera a ɗaka, aikin dukawa bisa hwata, cokulan icce na maƙeran Buzaye da suke ƙonawa da jan ƙarhe, har kuros ɗin Tawa da kuke ratayawa a wuya ba ku taɓa tsayawa kun dube shi ba. Amma gaskiya rabin aikin iccen ne ke hwaɗa mani, in gungume ya zo da ƙulli ko ya karkace ba ni gardama da shi, abin da na yi niyyar turmi sai ya koma kujera.

Turmina ya tsage, laihin wa?

To wagga ita ce tambaya, kuma ba ta da amsa guda, sai na gani da idona. Sau da yawa ɗanye anka sassaƙa shi, don ɗanyen icce ya hi daɗin sara kuma ku masu saye ba ku da haƙuri, biki ya matso sai a ce yau-yau. Waje ya bushe ya tsuke, ciki na nan da ruwa, dole ya buɗe, musamman in hunturu ya kama shi. Wannan laihinmu ne da ku. Amma kuma turmi daga gungume guda shike hitowa da zuciyar iccen a tsakiya, kuma daga nan tsaga ke hwarawa, shi ya sa ko busasshe ya kan yi 'yar siririya a gindi, wagga ba komi ba ce Hajiya, kar ki tada hankalinki, sai ta shekara da shekaru haka nan. Wadda ta taso daga baki tana gangarowa ita ce ta tsoro. In ba ta yi nisa ba maƙeri na iya ɗaure shi da ƙarhe, ko a liƙa gwangwani da ƙananan kusoshi, wani ya riƙe wani bai riƙe ba, ban yi maki alkawali ba. Sabo kuwa a aje shi inuwa, a shahwa mashi man gyaɗa ko man shanu ciki da waje, a hwara da dakan dussa kahin a kai ga gero. Mai na taimako, amma ba ya gyara iccen da anka sare jiya. Kuma ke da kika wanke turmi kika kihe shi tsakar gida cikin ranar watan Afirilu, don Allah kar ki zo ki ce mani aikina ne.

Ku ne ke ƙarar da daji ko?

Ku lissahwa iccen girkin gidanku tukuna. Akwai dokar gandun daji tun 2004, ba ka sara sai da takarda, kuma gawo ba a taɓa shi, ni ko an ba ni kyauta ba ni so, iccen da ke kaɗe ganye da damina ya bar gero ya tashi ƙarƙashinshi. Kirya kam ta yi wuya nan Adar, daga kudu ake kawo muna. Ƙananan kaya da dogon yaro nike yin su, irin wanda anka dasa layi-layi a kwarin Majiya, nan jihar Tawa, tun 1975 don tare iska.

Za ka koya ma ɗana? Wata nawa?

Wata? Ya zo ya iya wasa gizago tukuna.

Mi ya sa na kasuwar Wadata a Yamai sunka hi naka sheƙi?

Verni ne, man sheƙin da ake shahwa ma katako. Na ado ne, na baƙi masu tahiya da tsaraba. Ka ci tuwo ciki ka gani.

In na turo hoto a WhatsApp ka yi mani irinshi?

Turo. Amma rabin kuɗi gaba, kuma kar ka kira ni kahin iccen ya bushe.