Gidan haɗin gwiwa a Legas: idan ɗaya ya rasu, rabonsa na waye?

A ce wa da ƙane ne, masu sayar da albasa a kasuwar Mile 12, suka yi shekara goma suna tara kuɗi har suka sayi gida mai ɗaki shida a Agege, lauya ya rubuta sunayensu biyu a takardar ciniki. Sai Allah ya yi wa wan rasuwa. Bayan sadakar arba'in, matarsa ta aika wa ƙanen cewa, "Baban yara, a fitar wa marayu rabon mahaifinsu." Shi kuma wani ya riga ya raɗa masa cewa a doka gidan ya zama nasa shi kaɗai. Abin mamakin shi ne, mai raɗar yana iya yin gaskiya.

Dokar da Legas ta gada daga Ingila ta san mallakar tarayya iri biyu. A ta farko, wadda za mu kira mallakar bai-ɗaya, ba wanda ke da kaso na kansa. Su biyun doka na kallonsu kamar mutum guda, sun samu gidan a takarda ɗaya, a lokaci ɗaya, da haƙƙi iri ɗaya. Duk wanda ya riga rasuwa, haƙƙinsa ya bi shi kabari, mai rai ya riƙe duka. Gidan ba ya shiga cikin dukiyar mamaci, don haka ko wasiyya ya bari a kansa, ba ta da inda za ta kama. A ta biyu kuwa kowa da kasonsa, rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ko da ba a ja katanga ba, kuma kason mamaci na magadansa ne.

Abin da ke raba biyun sau da yawa kalmomi ne 'yan kaɗan. Idan takarda ta ce "rabi da rabi" ko "kowa da kasonsa", an shiga ta biyu. Idan sunaye kawai aka jera aka yi shiru, ana karkata ga ta farko. Kotu dai takan sassauta inda aka nuna cewa kuɗin da aka zuba ba daidai ba ne, ko masu gidan abokan kasuwanci ne, amma wannan sai an kawo hujja, rasit ko shaidar banki, kuma mu mutanenmu cinikin amana muka saba, kuɗi a leda, shaida a baki.

Ga Musulmi a nan gizo ke saƙar. A Musulunci rabon mamaci gado ne: matar na da tumuni idan akwai 'ya'ya, uwa na da sudusi, sauran a raba yadda Allah ya tsara. Tsarin mai rai ya kwashe duka yana iya hana marayu abin da addini ya ba su, a bar su da tsoron Allahn baffansu kawai. A ganina, ko miji da mata ne, gara a rubuta kaso ƙarara.

Wanda ya riga ya sa hannu bai makara ba muddin duka suna raye. Za su iya komawa wurin lauya a rubuta sabuwar yarjejeniya mai fayyace kason kowa. Sai dai tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filaye na hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce sai da amincewarsa ake sauya hannun fili, don haka takardar sai ta bi ta ofishin filaye da ke Alausa a Ikeja a yi mata rajista. Kuma kada a yarda a rubuta "Alhaji wane da iyalinsa", a sa cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa.