Soket ɗin tsohon gida ba kowane kaya yake ɗauka ba

Jama'a masu zama a tsofaffin gidaje, don Allah ku ɗan tsaya ku karanta wannan. A aikinmu na kiwon lafiya muna ganin ƙuna kala-kala, amma wadda ta fi tayar min da hankali ita ce ta gobarar lantarki, saboda a cikin bango take farawa inda ido ba ya gani, kafin a farga hayaƙi ya cika ɗaki.

Lokacin da aka yi wayarin ɗin gidajen nan ƙwan fitila ne da rediyo da fanka kawai aka yi wa lissafi, yanzu kuma ga firiji ga dutsen guga ga hita ga butar lantarki duk a kan waya ɗaya da ta shekara arba'in ko hamsin, robar da ke jikinta ta bushe tana farfashewa, in ka taɓa ma sai ta marmashe a hannunka.

Kowane soket akwai iya nauyin wutar da zai ɗauka, da amp ake auna shi, galibi a rubuce yake a bayansa. Ƙaramin nan mai zagayayyun ramuka uku amp 5 ne, babbansa amp 15, mai ramuka masu kusurwa huɗu kuma amp 13. A inda wuta take volt 230, amp 5 bai wuce wat 1,150 ba (wat shi ne ma'aunin wutar da kaya ke ci), amp 13 kuma wajen wat 3,000. To butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kusan amp 9, ka ga in ka cusa ta a soket mai amp 5 ka ɗora masa kusan ninki biyu na ƙarfinsa kenan. Haka ma ekstenshan, ramuka huɗu ko shida da kake gani ba su ƙara masa ƙarfi ba, duka ta filogi ɗaya suke sha, hita da dutsen guga in sun haɗu a kai sun isa su narkar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya sayo sabon soket mai amp 13 ya ɗaura a kan tsohuwar siririyar waya ya ce ai ya gyara. Fuska kawai ka canza malam. Wayar fitila yawanci mai kaurin 1.5mm² ce, soket yana son mai 2.5mm², kukar girki ta lantarki kuwa layinta daban ake ja mata da waya mai kauri. Sai kuma masu ɗaure fiyus da zaren jan ƙarfe in ya tsinke, ko a sa bireka babba don ya daina faɗuwa. Wallahi tsinkewar nan ita ce aikinsa, ya katse wuta kafin waya ta yi zafi, in ka hana shi to wayar cikin bango ce za ta ƙone a madadinsa.

Ku riƙa ɗora bayan hannu a jikin soket bayan an yi amfani da shi. In da ɗumi, ko ya yi baƙi a bakin ramin, ko filogi na lilo a ciki, ko kuna jin ƙauri ko ƙarar tartsatsi, a daina amfani da shi a kira ƙwararren mai gyaran wuta. In ya zo ku ce ya duba wayar ƙasa, wato at, don da yawan tsofaffin gidaje ba su da ita ko ta rube, shi ya sa firiji ke jan mutane. Ku kuma tambaye shi na'urar RCD mai milli-amp 30 wadda ke yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum.

In wuta ta kama soket kar a watsa ruwa, a fara kashe babban makunni. In ta riƙe wani kar a kama shi da hannu, a kashe wutar ko a ture wayar da busasshen katako, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, don shokin yana iya taɓa bugun zuciya, ƙunar ciki kuma takan fi ta waje.